Kalmomin Adana Bayanan Gini a Rumbun Intanet: Misalin Matamaye

Magini a Matamaye, cikin jihar Damagaram, ya gaji sana'arsa ne da baki. Awon tubali, tsawon azara da kwaɓin makuba duk a ka yake riƙe su. Amma ginin makaranta ko asibiti na buƙatar taswira, lissafin siminti da rahoto, waɗanda a yau ake ajiyewa a manyan kwamfutoci na nesa, kowa ya duba ta wayarsa. Injiniya a Yamai ya gyara awo, ɗan kwangila ya gani nan take.

Ƙa'idar duniya ta ISO 19650, wadda ta fito a 2018, ta raba takardun gini mataki huɗu. Muna ba da shawarar a kira su: ana kan aiki, an rarraba, an tabbatar, an taskace. Wanda ya kasa bambanta na farko da na uku zai haƙa harsashi bisa awon da ba a amince da shi ba, ƙarshenta a rushe.

Kalmar "gajimare" ba ta dace ba, domin ga Bahaushe abin da ke watsewa ne. "Rumbu" ta fi, tun da ajiya yake nufi.

Saura daidaita rubutu. Nijar na rubuta ƴ, Nijeriya 'y, kuma mai neman "ƙofa" zai iya rasa takardar da aka sa wa "kofa". Tun da Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar a 2025, ya kamata waɗannan kalmomi su shiga littattafan yaƙi da jahilci na magina.