Shin Ko Kun San? Masu Bin Husufin Rana Cikin Hamada

Shin ko kun san akwai mutanen da kan tara kuɗi shekara da shekaru, su hau jirgi, su shiga mota, su kwana a kan yashi, duk don kallon abin da ba ya wuce 'yan mintoci? Masu bin husufin rana ke nan, kuma sun taɓa yin dandazo a maƙwabtanmu.

Ranar Laraba, 29 ga Maris 2006, inuwar wata ta faɗo ƙasa a Brazil, ta tsallake teku, ta bi ta Gana, Togo da Benin. Ta shigo Najeriya ta wajen Shaki, ta ratsa Gusau da Katsina da hantsi, ta haye Maraɗi, sannan ta nausa hamada har Libiya da Masar da Turkiyya, ta ƙare a Mongoliya. Faɗinta bai kai kilomita 200 ba. Wanda ke cikin wannan zirin ya ga dare da rana tsaka. Wanda ke gefe, irinmu mutanen Maiduguri, ya ga rana ta yi gibi, haske ya dushe, amma duhu bai rufe ba.

Ko kun san inda husufin ya fi daɗewa? Can kan iyakar Chadi da Libiya, minti 4 da daƙiƙa 7, a wurin da ba gari ba ƙauye. Shi ya sa aka kafa sansanonin tantuna a hamadar Libiya, kusa da Jalu da kuma wajen tsohon dutsen aman wuta na Waw an Namus, inda har masana daga hukumar NASA ta Amurka suka sauka. A Masar kuwa garin Sallum ne ya cika, shugaba Hosni Mubarak da kansa ya je kallo.

Me ya sa sai hamada? Gajimare. Guntun gajimare ɗaya ya isa ya ɓata shirin shekara uku, ita kuwa Sahara sararinta a buɗe yake yawancin shekara.

A Nijar, daga Agadas aka riƙa ɗaura kaya. Motoci masu jan ƙafa huɗu suka bi ta Tenere zuwa wajen Dirku da Bilma, wato Balma, garin da kantun gishirinsa ya yi suna a kasuwanninmu. A nan ne aikin yake, domin sansanin kallon husufi ba shimfiɗa tabarma ba ne kawai. Dole a san tsakiyar zirin inuwar, don wanda ya tsaya a bakin-baki 'yan daƙiƙoƙi zai samu. Dole a isa da kwanaki a hannu, saboda husufi ba ya jiran wanda motarsa ta kafe. Ruwan sha, man mota, itacen girki, tayoyin ko-ta-kwana, duk da su ake tafiya a cikin durom da jarka. In an shiga yashi mai laushi, direba ya sauko ya rage iskar taya. In mota ta nutse, a fito da shebur a haƙa, a cusa faranti na ƙarfe ƙarƙashin taya, kowa ya sa kafaɗa. Ba a tafiya da mota ɗaya tilo. Da rana zafi, da dare sanyi mai shiga ƙashi, ga iska mai cusa rairayi cikin na'urar hangen nesa da cikin tukunya baki ɗaya. Kuma duk taswirar da baƙo ya riƙo, a ƙarshe ja-gaba Buzu ko Batube ake kallo, shi ya san rijiyar da ke da ruwa da wadda ta ƙafe.

Shin ko kun san wannan sani gadonmu ne? Hanyar Balma ita ce tsohuwar hanyar ayarin Borno: daga Kukawa zuwa Gigimi, zuwa Kawar, zuwa Murzuk, har Tarabulus. Ta nan Denham da Clapperton da Oudney suka biyo suka iso Kukawa a 1823, zamanin Shehu Muhammad al-Amin el-Kanemi. Lissafin zango da guzuri da rijiya da madugai suka riƙa yi a ka, shi ne dai kamfanonin yawon buɗe ido ke yi yau a kwamfuta.

Ga wani abin mamaki. Ranar 30 ga Yuni 1973 an yi husufin da ya kai minti 7 da daƙiƙa 4, kuma a arewacin Nijar ya fi daɗewa. Masana suka hau jirgin Concorde mai gudun da ya wuce sauti, suka tashi daga tsibiran Kanari, suka bi inuwar a sama har minti 74 suna cikin duhunta. Ina suka sauka? Fort-Lamy, wato N'Djamena ta yau, nan bayan Gamboru Ngala.

Ko kun san girman rana ya ninka na wata kusan sau 400, nisanta kuma ya ninka nasa kusan sau 400? Shi ya sa suke zuwa daidai wa daida a idonmu. Ikon Allah. Husufin rana kuma ba ya faruwa sai a ƙarshen watan Musulunci, na wata kuwa sai a tsakiyarsa. Kowane husufi yakan maimaita kansa bayan shekara 18 da kwana 10 ko 11 da kusan awa 8, amma a wani ɓangaren duniya. Wanda ya rufe Katsina a 2006 shi ne ya dawo Meziko da Amurka da Kanada ranar 8 ga Afrilu 2024.

Akwai abin da bai kamata mu ɓoye ba. A daren 9 ga Janairu 2001 wata ya yi husufi, wasu matasa a Maiduguri suka fita suka ƙona otal-otal da gidajen giya, wai zunubin da ake yi a ciki ne ya jawo. Abin takaici ne, don addini ya riga ya warware wannan magana. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu a Madina rana ta yi husufi, mutane suka danganta abin da rasuwar. Annabi ya bayyana musu cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya umarce su da salla da addu'a da sadaka. Sallar raka'a biyu ce, kowace da ruku'u biyu. Babu inda aka ce a ɗauki ashana.

Ko kun san tabarau na baƙin gilashi ba ya kare ido daga rana? Gilashin da aka turara da hayaƙi ma haka, ruwa a cikin roba ma haka. Ƙwayar ido takan ƙone ba tare da an ji zafi ba. Akwai tabarau na musamman mai lambar ISO 12312-2. In babu shi, ku juya wa rana baya, ku huda takarda da allura, ku kalli hasken da ya faɗa ƙasa. Mu da ke da dogon yaro a kowane layi ma mun huta: ku duba ƙarƙashin bishiyar, ɗigon hasken da ke ratsa ganye duk za su koma siffar jinjirin wata.

Kasuwar yawon buɗe ido ta Agadas ba ta daɗe ba bayan 2006. Tawayen da ya ɓarke a arewacin Nijar a 2007 ya kori baƙi, Libiya ta rikice a 2011, mu kuma a Borno mun san tashin hankalin da muka gani tun 2009. Direbobi da masu girki da ja-gaba da yawa sana'arsu ta mutu a tsaye. Ga mu da tuddan yashi na Tulo-Tulowa da dausayin Bulatura a Yusufari ta jihar Yobe, ga Gandun Dajin Tafkin Chadi da hedikwatarsa ke nan Maiduguri, amma sai da zaman lafiya baƙo ke kafa tanti.

Na gaba fa? Ranar 2 ga Agusta 2027 inuwa za ta ratsa Maroko, Aljeriya, Tunisiya da Libiya, ta yi sama da minti 6 a wajen Luxor ta Masar, ta rufe Jidda da Makka. Mu a nan gibi za mu gani, in hadarin damina ya bari.

Namu kuwa shi ne na 20 ga Maris 2034. Zai shigo ta Legas, ya bi ta birnin Benin da Makurɗi da Lafiya, ya rufe Mubi, ya wuce ta kudu da Maiduguri zuwa N'Djamena, ya fi daɗewa a Chadi da minti 4 da daƙiƙa 9. Masu bin husufi sukan kama masauki shekaru kafin ranar. Ya kamata gwamnatocin Borno da Adamawa, da Jami'ar Maiduguri, da malamanmu na masallatai su fara zama tun yanzu: a gyara hanya, a fitar da filayen kallo, a tanadi tabarau na gaskiya ga 'yan makaranta, a kuma sanar da jama'a rana da sa'a a huɗuba da rediyo, da Hausa da Kanuri.