Karatun Akanta, Kasuwanci da Rubuta Manhaja: Ina Waya Ke Kai Ka, Ina Take Tsayawa?

Da zarar malami ya ba da aikin gida a darasin akanta ko na rubuta manhaja, aji kan rabu gida biyu. Masu laftof su koma ɗaki su fara aiki, sauran kuma su nufi shagon kwamfuta, wasu ma su biya a yi musu aikin gaba ɗaya. Wanda aka yi wa aiki yana iya samun maki a ranar, amma zai shiga jarabawa hannu rabbana. Abin da ɗalibai da dama a jami'o'i da kwalejojin fasaha ba su lura ba shi ne, wayar da ke aljihunsu za ta iya ɗaukar mafi yawan aikin shekarar farko, muddin sun san iyakarta.

Teburin lissafi ɗalibi ne ya ƙirƙiro shi

A shekarar 1978, Dan Bricklin yana karatun kasuwanci a Jami'ar Harvard ta Amurka. Ya ga yadda sauya adadi ɗaya a lissafi ke tilasta a goge sauran a sake su da hannu. Shi da abokinsa Bob Frankston suka rubuta VisiCalc, aka fitar da ita a 1979 don kwamfutar Apple II. Ita ce kakar Excel da Google Sheets. Ƙwaƙwalwar waccan kwamfuta da kilobayit ake auna ta, ta wayarka kuwa da gigabayit. Ke nan ta fuskar ƙarfi, ko ƙaramar wayar Android ta yau ta fi na'urar da aka fara wannan aiki da ita nesa ba kusa ba.

Akanta a kan waya

Tushen akanta bai canza ba tun da Luca Pacioli ya bayyana tsarin shigarwa sau biyu a littafinsa da aka buga a Benis ta ƙasar Italiya a 1494: duk kuɗin da ya motsa ana rubuta shi a wuri biyu, debit da kiredit, kuma kadarori dole su yi daidai da bashi haɗe da jari. Don koyon wannan, Google Sheets ko Excel na waya sun wadatar. Excel kyauta ne a na'urar da allonta bai wuce inci 10.1 ba idan kana da asusun Microsoft, Sheets kuma yana aiki ko babu data idan ka adana fayil ɗin a wayar.

Gwada da misali. Ka buɗe shago da jarin naira 200,000, ka sayi kaya na 120,000 kuɗi hannu, ka karɓi wasu na 50,000 bashi. Kuɗin hannu ya rage 80,000, kaya sun kai 170,000, jimillar kadarori 250,000. Ɗaya ɓangaren kuma bashi 50,000 da jari 200,000, shi ma 250,000. Sa debit a layi ɗaya, kiredit a wani, ka haɗa kowanne da SUM. Idan jimillar biyu ba su zo ɗaya ba, akwai kuskure a shigarwa. Wannan shi ne tirayal balans da ake tambaya a jarabawa, har a matakin farko na jarabawar ICAN.

Ɗaliban kasuwanci ma haka. Lissafin riba, kuɗin ruwa, ko yawan kayan da za a sayar kafin a mayar da kuɗin da aka kashe, duk dabaru ne na layi ɗaya ko biyu a teburi.

Rubuta manhaja ba tare da laftof ba

Idan Python ake koya muku, yaren da Guido van Rossum ya fitar a 1991, manhajar Pydroid 3 tana gudanar da shi a Android ba tare da intanet ba. Termux kuma tana ba ka muhalli irin na Linux, inda za ka saka Python, Git da abin sarrafa yaren C. Google Colab a burauza yake aiki, amma yana buƙatar data.

Ga layi uku da ke haɗa darussan wuri guda, bisa harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari da Najeriya ta fara aiki da shi a 2020:

farashi = 40000
haraji = farashi * 0.075
print(farashi + haraji)

Amsa za ta fito 43,000. Sauya farashin, amsa ta sauya. Wanda ya fahimci wannan ya kama bakin zaren.

Babbar wahalar ita ce bugawa a ƙaramin allo, musamman baka-biyu da alamomi. Maganinta kibod mai Bluetooth, ko ƙaramin mahaɗin OTG da zai ba ka damar jona kibod na kwamfuta da linzami a wayar, idan wayarka tana karɓarsa.

Inda waya ke gazawa

Kada a ruɗe ka da cewa waya ta maye gurbin kwamfuta. Excel na waya ba ya gudanar da makiro na VBA. Manhajar Sheets ta waya ba ta ƙirƙirar teburin pivot. Manhajojin akanta na ofis irin su Sage 50 a Windows suke aiki. Idan malamin Java ya ce sai da NetBeans ko Eclipse, nan ma sai kwamfuta. Kundin kammala karatu mai shafuka da yawa kuwa, tsara shi a waya azaba ce.

Dabarar ita ce ka raba aikin. Tunani, gwaji da gyaran kurakurai a yi su a waya. Abin da ya rage sai ka kai ɗakin kwamfutar makaranta ko ka ari laftof na awa ɗaya, kana zuwa ka san abin da za ka yi. Ka riƙa ajiye fayiloli a Google Drive, wanda ke ba da gigabayit 15 kyauta, don idan waya ta ɓace ko ta lalace kada aikin zango guda ya tafi da ita.

Sai kuma batun ChatGPT da Gemini. Suna da amfani wajen bayyana dalilin da ya sa lambar da ka rubuta ta ƙi aiki, amma suna kuskuren lissafi, kuma ba za su zauna maka jarabawa ba. Ka fara yi da kanka, sannan ka tambaya.

Idan kana tara kuɗin laftof, ci gaba da tarawa, za ka buƙace ta a gaba. Amma kafin ta zo, sauke Sheets da Pydroid 3 yau, ka shigar da kuɗin da ka kashe a makon nan a matsayin debit da kiredit, ka ga ko lissafin zai daidaita.