Tsohuwar ƙaramar kwamfuta da aikin da ya rage mata a Tasawa da Mayahi

A shekarar 2007 kamfanin Asus na Taiwan ya fitar da wata 'yar kwamfutar tafi-da-gidanka mai suna Eee PC, allonta inci 7 kacal, ba ta wuce girman littafin karatun 'yan makaranta ba. Kasuwarta ta yi kyau, sai Acer da HP da Dell da Samsung suka bi sahu, har zuwa wajen 2012 da wayoyi da kwamfutocin allo suka ture su gefe. Kamar sauran kayan da Turai ta gama yayinsu, da yawansu sun gangaro Afirka ta Yamma a matsayin gwanjo. Wadda ta rage a hannun malamin makaranta a Tasawa ko sakataren ƙungiyar manoma a Mayahi, galibi an yanke mata hukuncin mutuwa: tana jan ƙafa, bairos ya cinye ta. Hukuncin nan ya yi gaggawa, domin sau da yawa ƙarfen lafiyarsa lau, manhajar da aka ɗora masa ce ta fi ƙarfinsa.

Yawancin waɗannan na'urori suna da ƙwaƙwalwar aiki ta gigabait 1, da injin Intel Atom da aka ƙera don tsimin wuta, ba don gudu ba. Windows XP da da dama daga cikinsu suka zo da ita, Microsoft ya daina kula da ita ranar 8 ga Afrilu 2014. Windows 7 ta bi bayanta a Janairun 2020, Windows 10 kuma a Oktoban 2025. Ita Windows 11 ba ta karɓar kwamfutar da ba ta kai gigabait 4 ba. Mai gyara ya rage da zaɓi biyu marasa daɗi: ko ya bar tsohuwar manhajar da kowane filash ke zuba wa cuta, ko ya tilasta mata sabuwa ta satar fasaha, ya ɗora wa jaki kayan raƙumi. Akwai zaɓi na uku, wato Linux. Linux manhaja ce da ɗalibi Linus Torvalds ya fara a Finlan a 1991, ta haɗu da aikin GNU da Richard Stallman ya assasa a 1983, kuma lasisinta ya halatta wa kowa ya kwafa, ya gyara, ya raba wa jama'a ba tare da ya biya ko dala ba. Tana da ire-ire da yawa, wasu kamar antiX da Puppy an tsara su ne musamman don raunanan kwamfutoci. Abin da aka manta shi ne Eee PC ta farko da Linux aka sayar da ita, saboda haka mayar da ita can komawa gida ne.

Mene ne amfanin haka a ƙasar da wuta ba ta da tabbas? A nan ne ma hujjar ta fi ƙarfi. Lantarkin yankin Maraɗi da Damagaram ya daɗe yana dogaro da layin da ke shigowa daga Katsina ta Gazawa, kuma a Agustan 2023, da Najeriya ta katse wutar da take bai wa Nijar saboda takunkumin ƙungiyar CEDEAO, kowa ya ga yadda wannan dogaro yake. Ƙauyuka da yawa na Urafan da Korgom da Kanan Bakashe kuwa dama sola ce madogara. Babbar kwamfutar tebur da allonta za ta iya shan wutar da ta haura wat 100, ita wannan 'yar ƙaramar ba ta cika wuce 20 ba. Faifan sola da batirin da ke cajin wayoyi a rumfar kasuwa sun ishe ta. Da manhajar AbiWord ko LibreOffice ana buga takardun jarabawa, a tsara sakamakon ɗalibai, a riƙe lissafin buhunan gero da wake na bankin cimaka. Da manhajar Kiwix kuma ana saukar da Wikipedia ta Hausa da ta Faransanci sau ɗaya a inda intanet yake, a kawo ta ƙauye a karanta ba tare da sayen data ba. Wani ƙarin alheri: Linux na zuwa da tsarin madannai na Hausa mai haruffan ɓ da ɗ da ƙ, abin da ya ƙara daraja tun da dokar sake gina ƙasa ta Maris 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar.

Masu suka za su ce waya ta riga ta yi duk wannan. Gaskiya ne ga hira da tura kuɗi da sauraren labarai. Amma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin buga jerin sunayen ɗalibai 80 da makinsu da babban yatsa ya san iyakar waya. Za su kuma ce intanet ɗin yau ya yi wa injin Atom nauyi, kuma a nan ba su yi ƙarya ba. Linux ba tsafi ba ce. Facebook da YouTube za su ci gaba da sa ta haki, shafi biyu ko uku ka buɗe ta fara nishi. Wanda ya nemi bidiyo a wurinta ya nemi jini ga fara. Keken rubutu ce da ɗakin karatu, a kan haka ya kamata a auna ta.

Sukar da ta fi nauyi ta shafi lokaci. Injin Atom N270 na 2008 mai tsarin bit 32 ne, kuma manyan masu haɗa Linux suna janye jiki daga wannan tsari: Ubuntu ta bar shi tuntuni, Debian 13 da ta fito a Agustan 2025 ba ta ba da hanyar girka ta a kansa ba. Debian 12 dai za ta ci gaba da samun gyaran tsaro har 2028, kuma waɗanda suka zo da Atom N450 daga 2010 suna ɗaukar bit 64, don haka nasu wa'adin ya fi tsawo. Ga kwamfutar da ba ta shiga intanet, ƙarewar gyaran tsaro ba ta da haɗarin da take da shi ga ta banki.

Abin da ya rage shi ne hannu. Masu gyara a garuruwanmu Windows suka koya, kuma malamin da firintarsa ta ƙi magana da sabuwar manhaja ba zai jira mako guda ba, zai ce a mayar masa da tsohuwar. Sai dai gwajin ba ya cin komai: ana ɗora antiX a filash, a tayar da kwamfutar daga kansa, a duba madannai da sauti da firinta, ba tare da an goge ko fayil ɗaya ba. Ɗaliban kimiyya na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi da ke komawa gida hutu za su iya koya wa mai gyara wannan a yini biyu. Kafin nan, a buɗe bayan na'urar a hure ƙurar hunturu daga fankarta, domin zafin Afrilu na iya kashe irin waɗannan kwamfutoci.