Hattara Kafin Ka Saka wa Wasan Stardew Valley Mod a Steam Deck

Stardew Valley wasan noma ne da wani Ba'amurke mai suna Eric Barone, wanda aka fi sani da ConcernedApe, ya ƙirƙira shi kaɗai. Ya shafe fiye da shekara huɗu yana aikinsa kafin ya fito da shi a watan Fabrairun 2016. A cikin wasan, kakanka ne ya bar maka gadon tsohuwar gona kusa da wani ƙaramin gari, Pelican Town. Kai za ka yi sharar gona, ka yi shuka da ban ruwa, ka kiwata kaji da shanu, ka je su, ka shiga rami haƙar ma'adinai, kana kuma sabawa da mutanen gari. Zuwa ƙarshen 2024 an sayar da fiye da kwafi miliyan 41.

Wani abin da ya sa wasan bai tsufa ba shi ne mod, wato ƙarin gyare-gyaren da 'yan wasa ke rubutawa da kansu su raba kyauta. Tractor Mod yana ba ka tarakta, ka huta da noman fartanya. Automate yana haɗa akwatunan ajiya da injuna su riƙa aiki ba tare da ka tsaya a kansu ba. Stardew Valley Expanded kuwa sababbin mutane da sababbin wurare yake ƙarawa, har sai ka ɗauka wani wasan ne daban. Irin waɗannan dubbai ne.

Na'urar hannu da ta fi dacewa da wannan harka ita ce Steam Deck, wadda kamfanin Valve ya fitar a Fabrairun 2022. Siffarta ta abin wasa ce, amma cikinta cikakkiyar kwamfuta ce mai aiki da SteamOS, wani reshe na Linux. Shi ya sa ake iya saka mata mod kamar yadda ake yi a kwamfutar tebur, kuma shi ya sa duk haɗarin da ke samun kwamfuta yana iya samun ta.

Abin da kake saukewa a zahiri

Mod na wannan wasa galibi iri biyu ne. Na farko hotuna ne da rubutattun bayanai kawai, waɗanda wata manhaja mai suna Content Patcher ke karantawa ta sauya kamannin gida ko maganganun mutanen gari. Haɗarinsu kaɗan ne. Na biyu kuwa cikakkiyar manhaja ce da aka rubuta da yaren C#, za ka gane ta da fayil mai ƙarewa da .dll a cikin foldarta. Da zarar wasan ya tashi, ita ma ta tashi, kuma duk ikon da kake da shi a kan na'urar ita ma tana da shi: tana iya karanta fayilolinka, ta goge su, ta aika bayanai ta intanet. Saka irin wannan mod kamar miƙa wa baƙo makullin ɗakinka ne. Galibin masu rubuta su mutanen kirki ne da son wasan ya sa su aikin, amma dole ka san wa ka miƙa wa.

An riga an ga abin da ke faruwa idan makullin ya faɗa hannun ɓarawo. A watan Yunin 2023, masu kutse sun ƙwace asusun wasu masu ɗora mod na wasan Minecraft a shafukan CurseForge da Bukkit, suka cusa wata muguwar manhaja da aka sa wa suna fractureiser a cikin fayiloli da jama'a suka saba saukewa. Tana satar kalmomin sirrin da aka adana a burauza da bayanan shiga asusun Discord da Microsoft, kuma an tsara ta ne ta kama Windows da Linux duka. A ranar Kirsimetin shekarar kuma, aka yi kutse a asusun masu Downfall, wani sanannen mod na wasan Slay the Spire, aka musanya shi da manhajar satar bayanai na ɗan lokaci kafin a farga. Waɗanda abin ya shafa ba wani lungun intanet suka shiga ba, wuraren da kowa ya amince da su ne. Saboda haka masu cewa Linux ba ya kamuwa da cuta su sake tunani.

Fara da ajiye kwafin gonarka

Asarar da ta fi yawan samun mutane ba sata ba ce, lalacewar gonar da aka shafe watanni ana ginawa ce. Kafin ka taɓa komai, danna maɓallin kunnawa ka riƙe, ka zaɓi komawa Desktop Mode. Buɗe Dolphin, manhajar duba fayiloli, ka sa ta nuna ɓoyayyun folda, domin duk foldar da sunanta ya fara da ɗigo a ɓoye take. Shiga .config, sannan StardewValley, sannan Saves. Kowace gona tana da foldarta, mai suna haɗe da doguwar lamba. Kwafe su gaba ɗaya zuwa katin memori ko filashi, ka rubuta kwanan wata a sunan kwafin.

Kada ka dogara da Steam Cloud, ma'ajiyar intanet ta Steam, shagon wasannin Valve. Aikinsa shi ne daidaita abin da ke na'urarka da abin da ke rumbun Steam, don haka idan gonar ta lalace, lalatacciyar zai ɗauka ya adana. Shi kansa wasan kwafin kwana ɗaya na baya kawai yake riƙewa, a fayil mai ƙarewa da _old. Idan ka kwana biyu a cikin wasan kafin ka lura da matsala, wannan ma ya tafi.

SMAPI daga tushensa

Kusan kowane mod na Stardew Valley yana bukatar SMAPI, manhajar da ke tsayawa tsakanin wasan da mod. Wani mai shirya manhaja da aka sani da Pathoschild ne ke kula da ita, kyauta ce, kuma lambobinta a buɗe suke ga duk mai son dubawa. Shafinta shi ne smapi.io. Duk wanda ya turo maka ita ta Telegram ko WhatsApp, ko ya ce sai ka biya, ka bar masa kayansa.

Bayan ka sauke, warware ƙunshin, ka nemi fayil mai suna install on Linux.sh, ka buɗe shi a Konsole, manhajar buga umarni. Zai yi maka 'yan tambayoyi da ake amsawa da lamba. Idan kana bukatar allon rubutu, danna maɓallin Steam tare da X. Shi ke nan. Ba a bukatar kalmar sirrin mai gudanar da na'ura. Wannan hanya ta wasan da ke aiki kai tsaye da Linux ce, wanda ya tilasta masa aiki ta Proton, manhajar da ke tayar da wasannin Windows a Linux, tasa hanyar daban ce, kuma ga sabon shiga barin wasan yadda ya zo ya fi sauƙi.

Valve ya kulle ɓangaren da tsarin SteamOS yake zaune, ba a iya rubutu a kansa. Idan wani bayani ya ce ka buga umarni mai farawa da sudo, ko ka cire wannan kulle da steamos-readonly disable don kawai saka mod na wasan noma, to ko dai mai bayanin bai san abin da yake yi ba, ko kuma ya sani sarai. Sai dai ka tuna cewa kullen tsarin na'ura kawai yake karewa. Foldarka ta gida, inda burauza da bayanan shigarka Steam suke, a buɗe take ga duk manhajar da ka tayar.

SMAPI na zuwa da nata mai ajiye kwafi, wanda ke adana gonakinka sau ɗaya a rana, ya riƙe guda 10 na baya-bayan nan a foldar save-backups. Taimako ne babba, amma a kan na'urar yake zaune, don haka bai maye gurbin kwafin da ka fitar waje ba.

Zaɓe da sakawa

Sanannun wuraren samun mod na wannan wasa su ne Nexus Mods da CurseForge da ModDrop, sai shafukan GitHub na masu rubutawar. Ko a can ma, duba sunan mai mod ɗin da tsawon lokacin da ya yi yana aiki, da ranar da aka sabunta fayil ɗin, da abin da waɗanda suka riga ka saukewa suke faɗa. Sabon fayil da aka ɗora yau, bar shi ya kwana biyu. 

Ka leƙa cikin ƙunshin kafin ka saka. Mod na gaskiya folda ce mai ɗauke da fayil ɗin manifest.json, tare da hotuna ko bayanai ko .dll. Idan ka ga an ce ka tayar da wani fayil na .exe ko .sh kafin mod ya yi aiki, dakata. Idan mod ɗin da aka ce launin shanu kawai yake sauyawa ya zo da manhaja a ciki, tambayi kanka me take yi a wurin.

Ana zuba mod ne a foldar Mods da ke cikin foldar wasan. Saka ɗaya ko biyu, ka tayar da wasan ka gwada a sabuwar gona, sannan ka ƙara. Wanda ya zuba hamsin a lokaci guda, wasan ya ƙi tashi, ba zai san wanne ne mai laifi ba. Idan kana zargin wani, sa ɗigo a farkon sunan foldarsa, SMAPI za ta tsallake shi ba sai ka goge ba. Karanta jerin abubuwan da kowane mod ke bukata, domin da yawa ba sa aiki sai da Content Patcher ko wani mod ɗin. Linux kuma yana bambanta babban baƙi da ƙarami a sunan fayil, don haka kada ka sauya sunayen da ke cikin folda.

Ka guji tsohon salon mod da ake kira XNB, wanda ke danne ainihin fayilolin wasan. Suna karo da juna, suna lalacewa da kowace sabuntawa. Manyan mod masu ƙara wurare da kayayyaki, irin su Expanded, a fara su da sabuwar gona. Cire su daga gonar da ta yi nisa yakan bar kayan da wasan bai gane ba a cikin akwatunanka.

Idan matsala ta taso, SMAPI tana rubuta rahoton duk abin da ya faru a foldar ErrorLogs, kusa da Saves. Ɗora shi a smapi.io/log, zai nuna maka mod ɗin da ya gaza da wanda ke bukatar sabuntawa.

Ranar da wasan ya sabunta

A ranar 19 ga Maris, 2024, sigar 1.6 ta fito tare da SMAPI 4.0, kuma mod da yawa suka daina aiki har sai da masu su suka gyara. Haka abin yake duk lokacin babbar sabuntawa. A Linux, sabuntawar takan ma cire hanyar da SMAPI ke tashi, sai ka sake girka ta. Kafin ka buɗe tsohuwar gonarka bayan sabuntawa, duba jerin da ke smapi.io/mods ka ga waɗanda suka dace da sabuwar sigar. Masu wasa tare da abokai ta intanet su tabbatar mod ɗinsu iri ɗaya ne, sigarsu ɗaya.

Masu Switch da masu waya

Nintendo Switch ba ta da halastacciyar hanyar saka mod. Sai an fasa tsarin na'urar, kuma Nintendo na iya haramta wa na'urar da aka fasa shiga ayyukansa na intanet har abada. iPhone ma SMAPI ba ta aiki a kanta.

A wajenmu, inda galibi a wayar Android ake wasa, tarkon da ya fi kusa shi ne fayilolin APK da ake tallatawa a matsayin wasan kyauta mai kuɗi marasa ƙarewa. Wannan ba mod ba ne irin wanda muke magana, wasan ne aka farke aka sake ɗinkewa, ba ka san abin da aka cusa ba. A wayar nan kuma manhajar bankinka take, a nan lambobin tabbatarwa ke shigowa. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Wanda kuma ya sayi Steam Deck ta hannu, ya mayar da ita yadda ta fito daga kamfani kafin ya shigar da asusunsa, musamman idan an ce an riga an cika masa ita da wasanni.

Iyaye su sani cewa a shafukan mod akwai abubuwan da ba su dace da yara ba. Nexus Mods na da saitin ɓoye su a cikin asusu, a tabbatar yana kunne.

Idan ka yi zargin an cuce ka

Kashe intanet ɗin na'urar nan take. Daga wata na'urar daban, sauya kalmar sirrin imel ɗinka tukuna, domin da shi ake ƙwace sauran, sannan ta Steam da Discord. A saitin tsaron Steam, fitar da duk na'urorin da ke cikin asusunka, ka kunna Steam Guard ta manhajar waya. Daga nan ka kwafe foldar Saves kaɗai, ka goge na'urar gaba ɗaya ka sake girka ta. Ka kuma kai rahoton fayil ɗin ga shafin da ka samo shi don a sauke shi kafin ya kama wani.

Tun kafin a kai ga haka, kada ka adana kalmar sirrin banki ko ta imel a burauzar na'urar da kake gwaje-gwajen mod a kanta. Idan ɓarawo ya shigo bai tarar da komai ba sai gonar wasa, wadda kake da kwafinta a katin memori, asararka ba ta wuce ta lokacin sake girkawa ba.