Harsashi a Kai: Abin da Likita Yake Tsoro

Duk lokacin da aka kai wanda aka harba a ka asibiti, tambayar da mukan fara yi ita ce ko an ciro harsashin. Alhali shi likitan ƙwaƙwalwa sau da yawa yakan bar shi inda ya maƙale, domin tono shi na iya yin ɓarnar da ta fi ta shigarsa. Abin da yake tsoro shi ne kumburi. Ƙoƙon kai rufaffe ne. Idan ƙwaƙwalwa ta kumbura ba ta da wurin zuwa, sai ta matse hanyoyin jininta da gurbin da ke tafiyar da numfashi.

Mu dubi Malala Yusufzai, wadda aka harba a Mingora ta ƙasar Pakistan ranar 9 ga Oktoba 2012, tana da shekara 15. Da kumburi ya taso, likitocin soja a Peshawar suka cire wani yanki na ƙoƙon kanta don ƙwaƙwalwa ta samu sarari, suka adana ƙashin a ƙarƙashin fatar cikinta. Sai a Fabrairu 2013, a Birmingham ta Ingila, aka rufe gurbin da faifan ƙarfen titaniyam, aka kuma sa mata na'urar ji a kunnen hagu.

Kada labarinta ya ruɗe mu. Kusan tara cikin goma na waɗanda aka harba a ka ba sa tashi, da yawansu ma tun kafin a isa asibiti. Likitoci suna auna farkawar majinyaci da ma'aunin Glasgow na 1974, daga 3 zuwa 15. Wanda ya iso da maki kaɗan, ko harsashi ya ratsa ɓangarorin ƙwaƙwalwarsa biyu, da wuya ya rayu. Wanda ya rayu kuwa, kamar Gabrielle Giffords, wadda aka harba a 2011 tana ƴar majalisar Amurka, yakan shafe shekaru yana koyon magana da tafiya, kuma nauyin jinyar nan a kan iyali yake.

Namu aikin yana kan hanya ne. A rufe raunin da tsumma mai tsabta, kada a zuba masa gari ko toka, kada a ba shi ruwa ko na rubutu ne, domin zai shaƙe. A tallabe kai da wuya, a nufi asibitin da ke da na'urar hoton ƙwaƙwalwa da likitan fiɗa.