Yadda Lakar Jariri Ke Haɗuwa a Watan Farko na Ciki

Kafin ki tabbatar kina da juna biyu, wani babban aiki ya riga ya kankama a mahaifarki. A mako na uku bayan shigar ciki, abin da zai zama jaririnki bai wuce girman ƙwayar gero ba. Shimfiɗa ce ta ƙwayoyin halitta da ke manne da juna kamar saƙar tabarma.

A cikin kowace ƙwaya akwai zaruruwa masu suna aktin da mayosin, irin waɗanda ke motsa tsokar jikinki. Ƙwayoyin da ke tsakiyar shimfiɗar sukan tsuke samansu da waɗannan zaruruwa, kamar yadda ake jan zariyar wando. Da yake suna riƙe da juna, sai shimfiɗar ta lanƙwashe, gefunanta biyu su taso su haɗu, su rufe kamar zif. Bututun da ya samu shi ne zai zama ƙwaƙwalwa da laka, kuma yakan gama rufewa wajen kwana 28 da shigar ciki.

Idan rufewar ba ta kammala ta ƙasa ba, ana iya haifar jariri da ƙullutu ko buɗaɗɗen wuri a gadon baya. Likitoci na kiran wannan sifaina bifida. Yakan zo da raunin ƙafafu, kasa riƙe fitsari da bayan gida, ko taruwar ruwa a kai. Idan ta sama ce ta ƙi rufewa, ƙwaƙwalwa ba ta cika, jaririn kuma ba ya rayuwa. Wannan ba aikin aljanu ba ne, ba kuma laifin uwa ba ne.

Akwai rigakafi. Wani bincike da aka wallafa a Ingila a 1991 ya nuna folik asid ya rage maimaituwar matsalar da kusan kashi 70 cikin 100 ga matan da suka taɓa fuskantarta. Amma idan kika jira sai kin fara awo a wata na uku, lokacin ya wuce. Ki fara shan maikirogiram 400 kullum tun kina shirin ɗaukar ciki, har zuwa mako na 12. Alayyahu, wake da gyaɗa na taimakawa, sai dai ba sa maye gurbin ƙwayar maganin.

Idan kina da ciwon sukari, kina shan maganin farfaɗiya, ko kin taɓa haifar jariri mai wannan lalura, ki ga likita kafin ciki ya shiga, domin kina iya buƙatar adadi mafi yawa. Kada ki daina maganin farfaɗiya da kanki.

A Katsina, za ki iya neman shawara a Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Mata da Yara na Turai 'Yar'adua. Ki yi hoton ciki tsakanin mako na 18 da na 22. Maigida kuma, tunatar da ita shan maganin kullum yana cikin kulawar da ke kanka.