Kanumfari ko Siminti: Da Me Ake Liƙe Saiwar Haƙori?

A kasuwar Yelwa, mai ciwon haƙori yakan sayi kanumfari ya cusa a kogon haƙorin. Zafin yakan lafa, domin man kanumfari yana ɗauke da sinadarin yujinol mai kashe raɗaɗi. Amma idan ruɓa ta kai ga ɓargon haƙori, wato naman da ke riƙe da jijiya da hanyoyin jini, zaɓi biyu ya rage: a cire haƙorin, ko likita ya kwashe ɓargon, ya wanke siririyar kafar da ke cikin saiwa, ya toshe ta.

Tun 1867 ake toshe kafar da tsinken danko da ake samu daga ƙaron wata bishiya ta Malesiya. Sai dai dankon ba ya mannewa da bangon kafar. Jirgin katako a Tafkin Kainji ma, komai kyan katakonsa, in ba a liƙe tsakani ba ruwa zai shiga. Haka bakteriya suke yi, shi ya sa ake haɗawa da maliƙi.

Tsohon maliƙi, abin mamaki, man kanumfarin nan ne gauraye da garin zinki. Yana da araha, yana kashe ƙwayoyin cuta, kuma ana iya kwashe shi in aikin ya ɓaci, amma a hankali yakan narke. Nau'in roba, irin su AH Plus, yana kama bango sosai, ba ya narkewa da sauƙi, sai dai yana buƙatar busasshiyar kafa.

A 1993 Mahmoud Torabinejad na Jami'ar Loma Linda a Amurka ya gabatar da MTA. Asalinsa ɗaya da simintin da ake yi a Kalambaina ta Sakkwato, illa an tace shi ƙwarai. Danshi ne ke sa shi daskarewa, kuma naman jiki yana karɓarsa. Daga gare shi aka samo maliƙan zamani. Aibinsu tsada da wuyar cirewa.

Gwaje-gwaje a kan majinyata ba su nuna babbar rata tsakanin waɗannan maliƙai ba. A ganina, wankin kafar da rufe saman haƙorin sun fi nauyi. Majinyacin da ya taho daga Ngaski ko Shanga, zafi ya tafi, ya ƙi komawa a yi masa cikon dindindin, miyau zai sake kai bakteriya cikin saiwar ko da maliƙi mafi tsada aka sa masa.